So ne ya kashe Elizabeth Siddal?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a nan Kaduna. Na ga hoton wani tsohon zane a waya, wata mace kwance cikin ruwa furanni sun kewaye ta. Na bi diddigi har na karanta tarihin wadda aka zana, Elizabeth Siddal, kwana biyu ban yi barcin kirki ba. An ce son mai zane ne ya kashe ta. Gaskiya ne? Abin ya tsaya mini a rai, domin akwai wani mai zane da ya nemi in zauna ya zana ni.

Amsa: 'Yata, rashin barcin nan naki bai ba ni mamaki ba. Ina ɗalibi a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na fara cin karo da labarin, kuma ga shi na daɗe ina koyar da zane a Kaduna, amma har yau duk ranar da na ɗaga wa ɗalibai hoton nan sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ban yarda a ce so ne ya kashe ta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwan da suka kai baiwar Allah nan kabari kowanne yana da sunansa, kuma mafi yawansu mutane ne suka aikata, ko suka gani suka kau da kai. Idan aka dunƙule su duka aka kira su "so", to an wanke kowa ke nan.

An haife ta a Landan ranar 25 ga Yuli 1829. Mahaifinta sana'ar wuƙaƙe da cokula yake yi, ita kuma da ta tasa sai ta shiga aiki a shagon ɗinka hulunan mata. Wajen 1849 wani saurayi mai zane, Walter Deverell, ya gan ta a can: doguwa, siririya, gashinta ja kamar tagulla. Shi ya kai ta cikin abokansa, wasu samari da suka kafa ƙungiya a 1848 suna kiran kansu 'Yan Kafin Rafayel, wato masu son komawa irin zanen da ake yi kafin zamanin shahararren mai zanen nan na Italiya. Aƙidarsu ita ce a zana abu yadda ido ya gan shi, ganye ganye, gashi gashi. Riƙe wannan aƙida a ranki, domin ita ce ta jefa Elizabeth cikin ruwa.

Zanen da kika gani na John Everett Millais ne, yana rataye yanzu a gidan zane na Tate a Landan. Ofiliya yake nunawa, budurwar da ta nutse a rafi a wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Hamlet. A 1851 Millais ya shafe watanni a bakin rafin Hogsmill yana zana ciyayi da furanni ɗaya bayan ɗaya, ya bar tsakiyar ƙyallen fari. Da sanyi ya shigo sai ya koma ɗakin aikinsa a titin Gower, ya sayo wata tsohuwar riga mai aikin azurfa a kan fam 4, ya cika bahon wanka da ruwa, ya jera fitilun mai a ƙarƙashi don su riƙe ɗumi, ya sa Elizabeth ta kwanta ciki da rigar. Shekarunta 22. Haka suka yi ta yi, rana bayan rana. Wata rana fitilun suka mutu. Shi hankalinsa yana bakin buroshi, bai lura ba. Ita kuwa ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da kwanciya har ruwan ya huce sarai. Ta kwanta ciwo mai tsanani, mahaifinta ya ce zai kai ƙara in ba a biya fam 50 ba, daga ƙarshe Millais ya biya kuɗin likita.

Ki tuna ruwan randa da asubahin Janairu a nan Kaduna, lokacin da hunturu ya kankama, yadda ko alwala sai mutum ya daure. Sanyin Landan ya ninka wannan. Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne shirun da ta yi. Masu rubutu suna cewa sadaukarwa ce ga fasaha. Wanda ya taɓa zaunar da mutum ya zana ya san ba haka zancen yake ba. Gwada da kanki: zauna kan kujera, ki juya wuya gefe, ki ɗaga hannu ɗaya daidai kafaɗa, ki tsaya cak na minti goma sha biyar. Kafin minti biyar kafaɗa ta fara zafi, kafin goma yatsu sun mutu, ƙuda ya sauka a hanci ba damar kora. A ajina akwai wani dattijo da yakan zauna mana. Nakan zagaye tafin ƙafarsa da alli a ƙasa, in sa alama inda gwiwar hannunsa take, saboda in ya tashi ya miƙe jiki ya dawo daidai inda yake. Duk bayan minti ashirin nake tayar da shi. Amma ko sau ɗaya bai taɓa cewa ya gaji ba. Wata rana na ga jijiyar wuyansa tana rawa, hawaye na taruwa a gefen idonsa don ƙurar hunturu, na ce, "Baba, me ya sa ba ka yi magana ba?" Ya ce, "Malam, kada a ce ban iya ba a nemo wani." Shirun Elizabeth ke nan. Shirun mai neman abinci ne, wadda ta san in ta motsa ta ɓata aikin maigida, gobe wata za a kira. Don haka nauyin lura yana kan mai riƙe da buroshi, ba ya kan wanda ke zaune.

Sai dai in gyara miki wani abu da ake yawan faɗa: ruwan bahon bai kashe ta ba. Ta rayu shekara goma bayansa.

Cikin shekarun nan goma Dante Gabriel Rossetti, ɗaya daga cikin samarin ƙungiyar nan, ne ya mamaye rayuwarta. Shi ne mai zanen da ake cewa sonsa ya kashe ta. Ya zana fuskarta ba adadi, tana zaune, tana karatu, tana gyangyaɗi. Turawa suna kiran irin wannan mace miyuz. Asalin kalmar daga tsofaffin Girkawa ne, sunan wasu alloli mata tara da suka ce su ke hura wa mawaƙa da masu fasaha basira. Mu ma muna da makamancin wannan, yadda akan ce mawaƙi wane aljana ce ke ba shi waƙa. Kalmar tana da daɗin ji, amma ni tsoronta nake. Ranar da ka mayar da mace aljanarka, ka daina tambayar ko ta ci abinci, ko iyayenta suna cikin damuwa, ko ita ma tana da abin da take son yi da hannunta. Ƙanwar Rossetti, Christina, ta hango haka tun 1856, ta rubuta waƙa tana cewa fuska ɗaya ce ke leƙowa daga dukan zanen ɗan'uwanta, kuma ba yadda matar take yake zana ta ba, yadda take cika masa mafarki ne.

Dubi abin da ya faru a zahiri. Ta daina zama wa sauran masu zane, ta zama tasa shi kaɗai. Ko sunanta sai da aka taɓa: Siddall ne da harafin l biyu, aka cire ɗaya don ya fi kama da na manyan gida. Ya yi mata alkawarin aure, ya yi ta jan ƙafa. Shi ɗan farfesa ne, ita 'yar shagon hula, har sai 1855 ya haɗa ta da mahaifiyarsa. A tsakanin nan ga wasu matan da yake zanawa yana kuma nema, irin su Fanny Cornforth. Ba sai na yi miki dogon bayani ba, ke 'yar Kaduna ce. Kin san halin yarinyar da aka yi wa alkawari ana ta ɗaga rana, shekara ta zagayo ta sake zagayowa, manema sun watse, bakin unguwa ya buɗe. A Ingila ta wancan zamani macen da ke zama ana zana ta kallon 'yar iska ake yi mata, saboda haka ba gaba ba baya. Sai ranar 23 ga Mayu 1860 aka ɗaura auren a garin Hastings, lokacin da ciwo ya ci ƙarfinta har ana tsoron ba za ta tashi ba. Babu dangi ko ɗaya a wurin.

Sai maganar lodanam, wanda shi ne ainihin abin da ya ɗauke numfashinta. Ofiyam ne ake jiƙawa cikin barasa, ana ɗigawa a ruwa a sha. A lokacin ana sayar da shi a kanti ba takardar likita, ana ba mai ciwon ciki, mai tari, mai rashin barci, har jariri mai kuka. Yadda yake aiki shi ne tarkon: yana kashe zafi ya kawo barci, amma jiki yana sabawa, ɗigo goman da ya isa bara bana sai ashirin. In aka daina kuma sai ciwon ciki da amai da rashin barci su taso, wato cututtukan da aka sha shi dominsu tun farko, sai mutum ya ɗauka tsohon ciwonsa ne ya dawo, ya koma wa kwalba. In ya yi yawa yana danne numfashi har ya tsaya. Ingila ba ta fara sa wa sayar da shi linzami ba sai da dokar 1868, shekara shida bayan mutuwarta. Mu a Arewa wannan ba baƙon labari ba ne. Kodin ɗin da ke cikin maganin tarin da gwamnatin tarayya ta hana a 2018 ɗan gidan ofiyam ne, kuma kowa ya san har cikin ɗakunan matan aure ya shiga, yawanci ta ƙofar baƙin ciki.

A watan Mayu 1861 ta haihu, 'ya mace, ba ta zo da rai ba. Matar abokinsu Edward Burne-Jones ta rubuta cewa sun je dubiya suka tarar da ita zaune tana girgiza gadon jariri babu kowa ciki, tana ce musu su yi a hankali kada su tayar da jaririyar. Duk lokacin da na zo nan a labarin sai na tsaya. A yau za mu ce wannan mace tana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa da mata a kusa da ita dare da rana, irin kulawar da ake samu a asibitin Barnawa, da irin gatan da mai jego ke samu a gidan iyayenta. Abin da ta samu shi ne ƙarin lodanam. Daren 10 ga Fabrairu 1862 suka ci abinci a waje da mijinta da wani abokinsu, ya mayar da ita gida ya sake fita. Da ya dawo ya same ta ba ta motsi, kwalbar ba komai ciki. Likitoci suka yi iya yinsu, da safiyar 11 ga wata rai ya yi halinsa. Shekarunta 32. Masu binciken musabbabin mutuwa sun yanke cewa tsautsayi ne. Daga baya aka yi ta yaɗa cewa ta bar wasiƙa an ƙone, kuma a sani cewa a dokar Ingila ta lokacin kashe kai laifi ne mai jawo wa dangi abin kunya. Ni inda na tsaya shi ne hukuncin da aka rubuta.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai, wanda gajerun labaran intanet suke tsallakewa. Elizabeth Siddal mai zane ce. Ta fara a farkon shekarun 1850, kuma a 1855 John Ruskin, wanda ya fi kowa faɗa a ji kan harkar zane a Ingila ta lokacin, ya yanka mata fam 150 a shekara don ya riƙa karɓar ayyukanta. A 1857 da 'Yan Kafin Rafayel suka baje kolin zanensu a Landan, ita kaɗai ce mace a cikinsu, har wani Ba'amurke, Charles Eliot Norton, ya sayi ɗaya daga cikin nata. Ta kuma rubuta waƙoƙi, ba a buga ko ɗaya ba tana raye. Sai 1991 aka shirya baje kolin ayyukanta ita kaɗai a Sheffield.

Akwai wani ɗan ƙaramin zane mai zagaye da ta yi na fuskarta da fentin mai, tsakanin 1853 da 1854. Nakan ajiye shi gefe da gefe da na Rossetti in ce wa ɗalibai su duba. A nasa, kullum idonta a lumshe ko a ƙasa, wuya a langaɓe, kamar mai shirin suma. A nata, ido a buɗe yake yana kallon mai kallo, fatar ido mai nauyi, baki a tsuke, ba murmushi ba kwalliya. Fuskar mace ce mai nazari, wadda ta gaji amma hankalinta na jikinta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan shi ne wuri guda da ta ba da shaida a kan kanta, kuma shaidarta ta saɓa wa tasa.

Abin da ya biyo bayan mutuwarta ya fi komai nuna yadda ake ƙera irin wannan labari. Rossetti ya sa littafin waƙoƙinsa na rubutun hannu cikin akwatin gawarta, aka binne a maƙabartar Highgate. Bayan shekara bakwai ya yi nadama. A watan Oktoba 1869 aka tone kabarin da dare, an hura wuta a gefe don haske, shi bai je ba, wakilinsa Charles Augustus Howell ne ya tsaya. Howell ya dawo yana cewa jikinta bai lalace ba, gashinta ya ci gaba da tsiro har ya cika akwatin. Ƙanzon kurege ne, gashi ba ya tsiro bayan mutuwa, kuma shi kansa Rossetti ya rubuta cewa tsutsa ta huda shafukan littafin. Aka buga waƙoƙin a 1870. Ya kuma zana ta a wani sanannen aiki, Beata Beatrix: idonta a rufe, fuska sama, wani jan tsuntsu yana sakar mata farin furen fofi a tafin hannu, wato furen da ake tatsar ofiyam daga jikinsa. A matsayina na mai zane ba zan ɓoye ba, aikin yana da kyau ƙwarai, hasken da ke bayan gashinta kaɗai darasi ne. Ban kuma ce baƙin cikinsa ƙarya ba ne, shi ma ƙwaya ta ci shi har ya mutu a 1882. Amma ya ɗauki abin da ya kashe ta ya mayar da shi ado, mu kuma muka gaji adon muna cewa so. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In za ki ci gaba da karanta tarihin irin waɗannan mata, ki riƙa tambayar wa ya ba da labarin. Victorine Meurent, wadda shahararren mai zanen Faransa Manet ya zana a 1863, an daɗe ana rubuta cewa giya ta lalata ta ta mutu da ƙuruciya. Da masu bincike suka tono takardu sai ga shi ta kai shekara 83, ta rasu a 1927, ita ma mai zane ce, kuma a 1876 an karɓi aikinta a babban baje kolin Paris a shekarar da aka mayar wa Manet da nasa. Masu ba da labari sun kashe ta tun tana raye, don mutuwar kyakkyawa ta fi tsufanta kasuwa.

Kada ki ce abin Turai ne. Zaro naira goma ki juya bayanta: ga Fulani mata biyu ɗauke da ƙwaryar nono, ba suna. Zaro naira ashirin: ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, da sunanta. Zanen Tutu na mai zanen Najeriya Ben Enwonwu an sayar da shi fam miliyan 1.2 a Landan a 2018, ita Adetutu Ademiluyi mun san sunanta ne don jinin sarautar Ife ce. 'Yan tallan da masu zane da masu hoto suke ɗauka kullum a Kawo da Kasuwar Barci fa? Ni kaina ina da laifi a nan. Farkon dawowata Kaduna na zana wata mai tallan nono a gindin wata bishiya kusa da tasha. Na sayi nonon da ke ƙwaryarta duka don ta zauna, na ga kamar na kyauta. Har yanzu ina tuna yadda take jan bakin gyalenta da haƙori in ta ga mutane sun taru suna kallo, da wani tabon ƙuna a bayan hannunta na hagu wanda na rufe da fenti don kada ya ɓata mini aiki. Zanen ya samu mai saye, kuɗin ya biya mini hayar wata da watanni. Ban tambayi sunanta ba, ban tambayi rugarsu ba, ban nuna mata abin da na gama ba. Na koma wurin sau da yawa ban sake ganinta ba. Tun daga nan ba na zana kowa sai na rubuta sunansa a bayan ƙyallen, in ya yarda.

To, batun mai zanen da ya neme ki. Ba zan ce miki kowane mai zane mugu ne ba, sana'ata ce, na san mutanen kirki da yawa a cikinta. Hukuncin zanen mai rai a addini kuwa na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa kafin komai. In kin wuce nan, to ya zo gida ya gaida iyayenki ya faɗi abin da yake so da bakinsa. Wanda ya ce a yi a ɓoye, an gama magana. Ki tafi da 'yar'uwa ko ƙawa, ta zauna har a tashi. A yi ciniki tun kafin a fara, kuɗin awa ko na yini, don aiki ne kamar kowane aiki, kuma kalmomi irin su "ke ce hasken zanena" ba sa cikin lissafi. Ke za ki zaɓi suturarki. Ki ji inda zanen zai je, bango ne a gidan wani, ko baje koli, ko Instagram, da ko kina so a sa sunanki, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. In ya ce zai ɗauki hotonki a waya don ya ƙarasa aiki, a yi maganar ranar da zai goge. Kuma in kin zauna, wuya ya ƙage ko ƙafa ta mutu, ki buɗe baki ki ce kin gaji, ki tashi. Akwai alli, zai sa alama ki dawo daidai inda kike.

Na lura a wasiƙarki cewa furannin da ke cikin ruwan kika fara ambata kafin labarin. In hannunki yana ƙaiƙayin fensir, nemi madubi da farar takarda da fensir mai laushi, ki zauna kusa da taga da hantsi yadda haske zai bugi gefe ɗaya na fuskarki, ki fara da inuwar da ke ƙarƙashin hanci da leɓe kafin ki taɓa ido. In kin yi guda uku ki aiko mini in duba.